Sensar baya ta motar a-kori-kura: tambayoyi da amsoshi kan gano matsala da gyara

Tambayoyin nan su ne waɗanda masu Hilux, L200, Navara, D-Max da Ranger suka fi yi a Maradi game da na'urar da ke kuka idan an sa giyar baya, wadda wasu ke kira sensa, wasu kuma rada. Kafin a shiga cikinsu, ga abu ɗaya da ya kamata a riƙe: galibi ba sensar kanta ce ke mutuwa ba. Laka, tsatsa a soket, wayar da ta goge da rashin wuta su ne kan gaba, kuma duk ana iya gano su kafin a kashe ko dala.

Wai yaya abin nan yake gane akwai wani abu a bayan mota?

Da sauti. Kowane maɓalli da kake gani a jikin bamba, yawanci guda huɗu, baki ne kuma kunne ne. A cikinsa akwai ɗan faifai siriri da ke rawa idan an ba shi wuta, sai ya fitar da sautin da kunnen mutum ba ya ji, mai kaɗawa sau 40,000 zuwa 58,000 a daƙiƙa, gwargwadon ƙirar kamfani. Sautin ya bugi bango ya dawo, faifan ya ji shi, sai akwatin da ke sarrafa su ya lissafa lokacin da aka ɗauka. Sauti na tafiyar wajen mita 343 a daƙiƙa, saboda haka abin da ke nesa da mita 1 amsarsa kan dawo cikin kusan kashi 6 cikin 1000 na daƙiƙa. Daga nan akwatin ya umarci ƙararrawa ta yi kuka: a hankali daga wajen mita 1.5, da sauri idan an matso, sannan kuka ɗaya mai tsawo idan saura kamar santimita 30.

Sassan duka biyar ne: sensa, wayoyi da soket, akwati, ƙararrawa ko allon nuni, da kuma wutar da ke gaya wa akwatin an shiga giyar baya. Duk wata matsala tana cikin ɗayan biyar ɗin nan.

Maigida, na sa giyar baya amma shiru, ko ƙyas. Daga ina zan fara?

Daga fitilar baya. Ka buɗe kontak ba tare da ka tayar da inji ba, ka ja birkin hannu, ka sa dutse gaba da bayan taya, ka shiga giyar baya, sannan ka zaga ka duba fararen fitilun nan. Idan motar mai giya da kanta ce, wani ya zauna ciki ƙafarsa na kan birki har a gama.

Idan fitilun ba su kama ba, ka rabu da sensa tukuna, matsalar tana gabanta. Na'urar da aka saya a kasuwa aka ɗaura daga wayar fitilar baya take shan wuta kai tsaye, ta kamfani ma sai ta samu labarin an shiga giyar baya take farkawa. Abu uku ake dubawa. Na farko fis. Murfin akwatin fis yana ɗauke da zanen da ke nuna wanne ne na fitilar baya, yawanci mai amfiya 7.5 ko 10 ne. Launi ma na taimakawa: ruwan ƙasa 7.5, ja 10, shuɗi 15, rawaya 20. Idan ya ƙone ka sa daidai irinsa. Kada ka yarda a naɗa masa zaren waya ko takardar taba mai ƙyalli, domin fis ba ya ƙonewa a banza, kuma idan ka hana shi ƙonewa wayar ce za ta ƙone a madadinsa. In sabon ya sake ƙonewa nan take, akwai wayar da ta goge tana taɓa ƙarfe.

Na biyu makunnin giyar baya. A mota mai giyar hannu yana ɗaure a jikin giyabos, da waya biyu. Ka zare soket ɗinsa, ka haɗa ramukan biyu na ɓangaren mota da guntuwar waya, kontak a buɗe. Idan fitila ta kama, makunnin ne ya mutu, kuma canza shi aikin mintoci ne. Na uku ƙwan fitilar kansa, mai wat 21 ko 16. Da wuya biyu su mutu rana ɗaya, amma sau da yawa ɗaya ya daɗe da mutuwa ba a lura ba.

Idan kuwa fitilu na kamawa amma na'urar shiru, ka duba ko an kashe ta. Motoci da yawa suna da maɓalli mai harafin P da alamar igiyoyin sauti kusa da sitiyari, wasu kuma a cikin allon gaban direba ake kunnawa. Yaron mota na goge dashbod zai iya danne shi bai sani ba. Wasu motocin kuma suna kashe sensar baya da kansu idan suka ji an haɗa soket ɗin tirela, kuma laka ko tsatsa a cikin wannan soket na iya ruɗin su. Bayan haka sai ka nemo akwatin. Na kasuwa yawanci ana ɓoye shi bayan kujerar baya ko bayan fitila. Jar wayarsa dole ta nuna wajen bolt 12 idan ana giyar baya, baƙar kuma ta kama ƙarfe tsirara. A nan ake yawan kama ɓarawon: an murɗa jar wayar da hannu a jikin wayar fitila, an naɗe da salatif, zafi ya narkar da danƙon salatif ɗin, girgizar hanyar marmara ta warware sauran.

Abu na ƙarshe ƙararrawar kanta. Na kasuwa da yawa suna da ɗan makunni a gefe mai rage ƙara ko kashewa. Idan allon nuni na nuna tazara amma babu sauti, can za ka nufa.

Ta yaya zan gane wace sensa ce ta mutu cikin huɗun?

Sensa mai rai tana ɗan ƙas-ƙas-ƙas da sauri, mai kama da na agogon hannu. Ka shirya motar kamar yadda aka faɗa a sama, a wuri marar hayaniya, ka kanga kunne dab da kowace. Idan kunnenka bai ji ba, ka ɗora ɗan yatsa a hankali a kan fuskarta, za ka ji tana motsi kaɗan-kaɗan. Wata dabarar ita ce ka kunna ɗaukar murya a wayar salula, ka manna bakin wayar a kowace sensa na daƙiƙa 10, sannan ka saurara. Wadda ta yi shiru ita ake zargi.

Amma zargi ba hukunci ba ne. Sai an yi musanya: ka cire wadda ta yi shiru ka kai ta gurbin maƙwabciyarta mai aiki, ka kawo mai aikin gurbinta. Idan shirun ya bi sensar, ta mutu, ka sayi wata. Idan shirun ya tsaya a gurbin, sensar lafiya lau take, waya ce ko soket ko ƙofar akwatin, wato inda wayarta ke shiga. Wannan gwaji na minti 10 shi ne ke raba mai gyara da mai canje-canje, kuma duk mai wayarin da ya ce ka sayo sensa huɗu ba tare da ya yi shi ba, kana da hakkin ka tambaye shi dalili. A na'urar kasuwa ma ba sai ka cire komai daga bamba ba, a jikin akwatin za ka musanya soket ɗin wadda ta yi shiru da na mai aiki.

Abu ɗaya da ke ruɗa mutane: a motoci da yawa, idan sensa ɗaya ta mutu akwatin kan kashe duka huɗun, ya yi dogon kuka na ƴan daƙiƙu da zarar an shiga giyar baya, sannan ya yi tsit. Wasu ƙirar kuma a jere aka ɗinke sensocin, wuta na bi ta cikin ta farko zuwa ta biyu, don haka soket ɗaya da ya lalace zai kwantar da duk na bayansa. Huɗu sun yi shiru tare ba ya nufin huɗu sun mutu tare.

Idan motar ba ta kunna na'urar sai inji na aiki, to lallai direba na kan kujera, ƙafa kan birki, mai saurare kuma ya tsaya daga gefe ya miƙa hannu. Kada kowa ya tsuguna tsakanin bamba da bango.

Tawa kuma kuka take ba ƙaƙƙautawa alhali babu komai a baya. Me ke kawo haka?

Wannan ita ce ƙorafin da ya fi yawa a ƙasarmu, kuma dalilanta sun fi na shiru yawa.

Ka fara da wanki. Ƙurar hunturu ita kaɗai ba ta cika damun sensa ba, amma idan ta haɗu da raɓa ko ruwan wanki ta bushe, sai ta zama ɓawo. Jar lakar damina ta fi ta muni. Wurin da ya fi muhimmanci shi ne siririn zoben roba da ke kewaye da fuskar sensa. Aikinsa raba faifan da jikin bamba, don kada rawar ta bi ƙarfe ta dawo. Idan laka ta cike wannan tsagi ta ƙame, faifan da bamba sun zama abu ɗaya, sensar ta riƙa jin kanta tana zaton bango ne. Ruwa da sabulu da tsumma mai laushi sun isa, tsagin kuma a bi shi da tsohon buroshin haƙori. Ban da allura, ban da wuƙa, ban da fetur ko tina, domin suna cinye robar.

Sai kaya. A-kori-kura ba ƙaramar mota ba ce da tsayinta ke nan yadda yake kullum. Ka loda mata buhunan gero ko wake daga Dakoro ko Mayahi, bayanta ya zauna, bamba ta sauko, fuskar sensa kuma ta sunkuya ƙasa. Sautin ya bugi ƙasa ya dawo, musamman a kan tsakuwa ko rairayi mai tudu da kwari. Idan kukan na zuwa da kaya ne kawai, ya tafi idan an sauke, babu abin da ya lalace a wayarin. Ko lodin ya wuce kima, ko sifirin ɗin baya ya gaji, ko kuma tun farko an huda sensocin ƙasa da yawa. Haka ma ƙofar bodi idan an bar ta a kwance don ɗaukar rodi ko katako, da igiyar ɗaure kaya mai lilo, da bakin tamfol da ya sauko: duk sensa na ganinsu.

Sai ƙarfen da aka ƙara wa mota. Ƙugiyar jan tirela, matakala, ko bambar ƙarfe da mai walda ya ƙera. Sensoci biyu na tsakiya su ke kama ƙugiya. Wasu akwatunan kasuwa suna da hanyar koya musu su manta da abin da ke manne da mota, takardar da ta zo cikin kwalin tana bayani. Idan babu, sai a matsar da na tsakiyar nesa da ƙugiyar.

Sai zaman sensar a raminta. Sautinta a faɗi yake tafiya hagu da dama, amma a tsuke sama da ƙasa, shi ya sa ake sa mata alamar kibiya ko rubutu a baya mai nuna sama. Idan an juya ta a kaikaice, faɗin ya koma ƙasa, sai ta yi ta ganin hanya. Ɗan bugun da kabu-kabu ya yi wa bamba a cunkoson kasuwa ya isa ya tura sensa ciki ko ya karkatar da ita. Ka tsaya daga gefe ka duba: fuskar kowace ta yi daidai da fuskar bamba, tana kallon baya sak ko ta ɗan ɗaga sama kaɗan.

Akwai kuma kukan da ba laifin kowa ba ne. Iskar birkin manyan motoci, injin hura taya a wurin faci, ruwan sama mai ƙarfi, da sensar wata motar da ke kusa, duk suna fitar da sauti irin wanda take saurare. In kukan ya zo a bakin tasha kusa da tirela ya wuce da ka bar wurin, ka manta da shi.

Da rani lafiya lau, amma da damina ta shigo sai ta fara hauka. Ruwa ne ya shiga?

Kusan kullum, kuma ta soket yake shiga fiye da ta fuskar sensa. Daga Yuni zuwa Satumba, motar da ke ratsa kududdufai a unguwanni ko hanyoyin gefen Gulbin Maradi zuwa Madarunfa tana tsoma bambarta cikin ruwa da laka, kuma soket ɗin sensa a bayan bamba suke, daidai inda tayar baya ke watso komai.

Ka kashe kontak, ka zare soket ɗaya bayan ɗaya. Ka danna ɗan harshen da ke kulle shi, kada ka ja ta waya. Idan ka ga kore-kore ko fari-fari a kan ƙusoshin, tsatsar tagulla ce. A fesa maganin wanke soket na gwangwani, a goge da ƙaramin buroshi, a bari ya bushe sarai. Ka duba zoben robar da ke cikin soket, idan ya tsage ko ya ɓace ruwan zai dawo. Kafin a mayar, a shafa ɗan man silikon na wayarin a kan zoben da bakin soket. Giris ɗin bodi ba ya wannan aiki, yana tara ƙasa yana kumbura roba. Ƙusar da tsatsa ta cinye har ta sirance ba ta wankuwa, sai a yanke soket ɗin a sa wani.

Idan ruwan cikin sensar kanta ya shiga ta wata tsaga, za ka ga tana warkewa bayan kwana biyu a rana, ta koma ciwo a ruwa na gaba. Wannan ba ta gyaruwa, a cike take da danƙo, ba a buɗe ta.

A wurin wankin mota ma ka ja kunnen yara: bakin injin feshi mai ƙarfi ya tsaya nesa da sensa aƙalla santimita 30, kuma kada a tsayar da shi a kanta.

Ina da mitar auna wuta. Me zan auna, kuma nawa ya kamata in gani?

Fara da batir: bolt 12.4 zuwa 12.6 idan inji na kashe, 13.8 zuwa 14.5 idan yana aiki. Batir mai rauni na sa akwati yin abin da ba a gane kansa, musamman lokacin gwaji da kontak a buɗe fitilu na ci.

Sensar kamfani yawanci waya uku gare ta: wuta, mas (wayar da ke mayar da wuta ta ƙarfen mota), da wayar saƙo. Wasu, musamman waɗanda aka ɗinke a jere, sun fi haka. Tsakanin wuta da mas za ka ga ko dai ƙarfin batir ko ɗan ƙasa da shi, domin wasu akwatunan suna rage wutar kafin su aika. Hanya mafi aminci ita ce kwatantawa: abin da ka samu a soket mai aiki shi ya kamata ka samu a wanda ake zargi. Don gwada mas, ka sa tsinken mita ɗaya a wayar mas, ɗayan a kan ƙafar batir mai alamar ragi, na'urar na kunne. Ya kamata ka ga ƙasa da bolt 0.2. Fiye da haka, ka kwance ƙusar mas ɗin, ka kankare fenti da tsatsa har ƙarfe ya yi fari, ka ɗaure tamau. Don gwada ko waya ta tsinke, ka zare ta daga ɓangarorin biyu, kontak a kashe, ka auna daga kai zuwa kai: ƙasa da om 1 (om shi ne ma'aunin yadda waya ke tare wuta). Ka riƙa motsa wayar yayin da kake aunawa, domin waya kan karye a cikin robarta ta riƙa haɗuwa tana rabuwa.

Sensar kasuwa mai waya biyu idan ka auna ta da om sau da yawa mita ba ta nuna komai, kuma wannan ba alamar mutuwa ba ce, haka faifan yake. Idan mitarka na auna ƙarfin kwandansa, irin waɗannan kan nuna wajen nanofarad 2. Nan ma a auna huɗun, wadda ta fita daban ita ce marar lafiya.

Gargaɗi biyu. Kada a sa fitilar gwaji mai ƙwai a kan wayar saƙo, tana jan wutar da za ta iya ƙona ƙofar akwatin. Kuma kada a huda robar waya da allura don aunawa, ramin nan shi ne ƙofar ruwa a damina mai zuwa.

Na samu wayar da ta goge. In murɗa in naɗe?

A'a. A yanke wurin da ya lalace, a haɗa da dalma, a rufe da robar nan mai tsukewa idan ta ji zafi, wadda ake zura wa waya kafin a haɗa. Sannan a gyara abin da ya goge ta: a sa ta cikin bututun roba, a ɗaure a jikin shasi kowane santimita 20 zuwa 30, nesa da salansa, nesa da sifirin da sarƙar tayar ajiya. Tsakanin bodi da gidan direba a bar ɗan sassauci, domin sassan biyu ba tare suke motsi ba a kan hanya mai gargada.

Wayar sensar kasuwa kuwa mai riga ce, siririyar waya a tsakiya da saƙar ƙarfe kewaye da ita. Ba a ƙara mata tsawo da wayar gama-gari. Idan ta tsinke, canza sensar da wayarta ya fi.

Zafin bazara na iya kashe ta?

Ba ya kashe ta nan take, yana tsufar da ita ne. Zafin Afrilu da Mayu da ke haura digiri 40 yana busar da zoben roba, yana sa ƴan kunnuwan da ke riƙe sensa su yi ƙaushi su karye, yana sakin gam ɗin da aka manna akwati da shi. Lissafin tazara ma na ɗan motsawa, domin a digiri 45 sauti na gudun wajen mita 358 a daƙiƙa, amma bambancin bai kai santimita 5 a mita ɗaya ba, ba abin damuwa ba ne. Akwatin dai kada a manna shi a ƙarfen da rana ke duka ko kusa da salansa.

An yi wa bamba fenti, daga nan ta rikice.

Fenti mai kauri yana danne faifan, kuma idan ya shiga tsagin zobe ya bushe, aikin laka yake yi, sai dai shi ba ya wankuwa. Shafi ɗaya siriri ba ya cutarwa. Abin da ke kashe sensa shi ne foti, da shafi uku ko huɗu. A gaya wa mai fenti ya cire su kafin ya fara. Mai walda ma haka: a cire sensoci, a zare soket ɗin akwati, a cire kan batir kafin a kunna injin walda a jikin bamba.

Sai an sa kwamfuta kafin a gane?

Ga na'urar kasuwa, kwamfuta ba ta ganin ta ko kaɗan. Ga ta kamfani tana rage wahala, domin akwatin yana ajiye lambar da ke faɗin wace sensa ce, kuma ko tsinkewa ce ko haɗewar waya. Soket ɗin gwajin mai rami 16 yana ƙarƙashin sitiyari. Sai dai ƙananan na'urorin gwaji masu araha lambobin inji kawai suke karantawa, masu farawa da P. Na wannan sashe da B ko C ko U suke farawa, sai babbar na'ura. Wanda ya sa ƙaramar ya ce maka babu matsala, bai ma leƙa ɗakin ba. Kuma lambar tana nuna gurbi ne, ba ta raba sensa da wayarta, don haka gwajin musanya yana nan daram.

Zan sayi sabuwa. Kowace ta shiga ramin ta yi?

Ba ta yi ba. Biyu na iya zama kamar tagwaye a ido, amma saurin kaɗawarsu da yaren da suke yi da akwati ya bambanta. Lambar da ke rubuce a bayan tsohuwar ita ce abin bi. Ka tafi da ita a hannu, ko a nan Maradi za ka saya ko za a aiko maka daga Katsina ko Kano, ka kwatanta lamba, yawan ƙusoshi da siffar soket. A wasu motocin na gefe da na tsakiya ma lambarsu daban. Motocin da suka shigo ta Kwatano sun fito daga ƙasashe dabam-dabam, saboda haka Hilux biyu na shekara ɗaya na iya ɗaukar sensa iri biyu.

A ganinmu tsohuwar asali da aka ciro daga wata mota, in fuskarta ba ta lotsa ba kuma soket ɗinta tsaf, ta fi sabuwar jabu marar lamba. Araha ba ta ado. Ka yi sharaɗi da mai kaya cewa za a gwada a mayar idan ba ta yi ba, kuma gwajin ba ya bukatar ɗaurawa: a haɗa soket, a riƙe ta a hannu tana kallon fili, a saurari ƙas-ƙas ɗinta. Zoben roba kuma kada a manta da shi a jikin tsohuwar.

Motata ba ta zo da ita ba. Yaya ake ɗaura ta kasuwa yadda ba za ta dame ni ba?

Rabin matsalolin da aka lissafa a sama ranar ɗaurawa ake shuka su. A auna tsayi da irin kayan da motar ta saba ɗauka a kanta: santimita 50 zuwa 65 daga ƙasa. Faɗin irin waɗannan motoci wajen mita 1.8 ne, sai a shigo santimita 15 zuwa 20 daga kowane gefe don na waje, a raba abin da ya rage gida uku daidai don na tsakiya, a kauce wa lambar mota da matakala. Kafin a huda, a leƙa baya a tabbatar babu ƙarfen da zai tokare. Yawancin na kasuwa ramin milimita 22 suke so, amma a duba kwalin. Abin hudawar da ke zuwa ciki na huda bambar roba ne, bambar ƙarfe sai an nemo na huda ƙarfe, a goge bakin ramin, a shafa masa fenti saboda tsatsa, a sa zoben roba. Idan fuskar bamba ta sunkuya, akwai zobba masu karkata da ke ɗaga sensar.

A jera A, B, C, D daga hagu zuwa dama yadda takardar ta nuna, in ba haka ba allon zai nuna hagu alhali abin na dama. Akwatin ya zauna cikin gidan direba, ba a ƙarƙashin bodi ba. Masu tsofaffin Land Cruiser na gas su auna wutar motarsu tukuna, domin akwai masu bolt 24, kuma akwatin bolt 12 ba ya jure ta.

Na canza ƙwan baya zuwa LED, sai sensar ta fara ƙarya. Akwai alaƙa?

Akwai, a na'urar kasuwa. Wasu ƙwayayen LED masu araha suna mayar da hayaniya cikin wayar da akwatin ke sha, wasu sabbin motoci kuma wutar da suke aika wa fitila a tsinke-tsinke take. Mayar da tsohon ƙwan ya isa gwaji. Maganin dindindin rile ne, wato makunnin da wuta ke kunnawa, mai ƙafa huɗu kowace da lambarta: 86 zuwa wayar fitilar baya, 85 zuwa mas, 30 zuwa wutar kontak ta cikin ƙaramin fis, 87 zuwa jar wayar akwati. Fitilar ta zama mai ba da umarni kawai, akwatin ya sha wuta mai tsabta.

Idan tana aiki daidai, zan iya dogara da ita in daina waiwaye?

Kada ka kuskura. Sauti abu mai tauri da faɗi yake so. Siririn turke, igiya, waya, da bakin kwanon rufi na iya wucewa ba ta ji ba. Abu mai laushi kamar buhun auduga, katifa ko tufafi masu kauri yana shanye sautin. Abin da ke ƙasa da bamba, kamar dutse, turmi, ɗan akuya a kwance, takan ji shi daga nesa sannan ya ɓace mata idan an matso, direba ya zaci hanya ta buɗe. Rami da kwata kuwa ba ta san da su ba sam. Abin da ya fi tayar mana da hankali shi ne yara, domin a lungunan unguwa da ƙofar gida yaro kan zauna a inuwar mota, dab da bamba, inda madubi ba ya kaiwa kuma sensa ba ta da tabbas. Gani ya kori ji: a zaga bayan mota kafin a shiga, ko yaron mota ya sauka ya tsaya inda direba ke ganinsa. Sannan a ja baya da tafiyar ƙafa, domin da gudu kafin kukan ya kai kunne an riga an isa.

An gama gyara. Ta yaya zan tabbatar kafin in biya?

A fili, motar a tsaye kamar yadda aka shirya ta tun farko, babu komai a baya har mita 3: ya kamata ta yi ɗan kukan gaisuwa in tana yi, sannan ta yi tsit. Sai wani ya ɗauki faffaɗan katako ko kwali mai tauri ya taho daga nesa a hankali, yana fuskantar sensa ɗaya, a auna da tef inda kuka ya fara da inda ya zama ɗaya mai tsawo. A yi wa huɗun haka ɗaya bayan ɗaya, kuma na tsakiya biyu su ba da awo kusan ɗaya, na gefe ma haka, ko da na gefen sun fi gajeren zango a wasu motocin. A maimaita da bututun roba mai kaurin hannu a tsaye, a gefe-gefe da tsakanin sensoci, don a san inda makantar take. Daga nan a tayar da inji a sake gwadawa, domin wata hayaniyar wutar sai inji na aiki take fitowa. A ƙarshe a watsa wa bamba bokitin ruwa, a ɗora kayan da aka saba ɗauka, a ɗan taka hanya mai gargada na kilomita 2 ko 3, a dawo a sake sa giyar baya a wurin da aka fara.